Lasifika Ɗaya a Garejin Tsoho

Kunnena na hagu ya mutu a shekara ta huɗu da zuwana Greensboro, kuma ban faɗa wa kowa ba, har matar da nake aure. Zazzaɓi na yi na kwana uku, na tashi na ji kamar an cusa mini auduga. Na jira audugar ta fita, ta ƙi. Likitan da na gani a ɓoye ya ce jijiyar ce ta tafi, kuma irin wannan tafiyar ba a dawowa.

Ga wani, wannan ƙaramar jarrabawa ce, tunda ga ɗayan yana aiki. Ni kuwa da kunne aka san ni. Shekara goma sha ɗaya na yi ina ɗaukar sauti a gidan rediyo a Damagaram, kafin in zo Amurka in koma wanke motoci a wani filin sayar da tsofaffin motoci da ke High Point Road. Wankin motar bai taɓa cin raina ba, domin duk suna ko walimar da mutanenmu za su yi a garin nan, ni ake jira in haɗa lasifika, ana cewa a bari mai kunne ya zo. To ga mai kunne ya koma mai rabi. In na ɗora abin ji a ka, sai waƙa ta rabe biyu, in ji ganga da jita, mawaƙin kuwa yana can ɓangaren da ya mutu yana ta fama shi kaɗai. Na tattara kayan aikina na tura ƙarƙashin gado.

Ana cikin haka matata ta haihu, namiji, surukata kuma ta zo daga gida don wankan jego. Inna, haka muke kiranta, tsohuwa ce mai murya. Tana da waƙoƙin daka da na niƙa da na reno da ta ɗauka a bakin kakarta, kuma a cikin 'ya'yanta babu wadda ta riƙe ko rabinsu. Matata ta ce in ɗauke su a kaset kafin takardar izinin zaman Inna ta ƙare. Na ce to. Mako ya wuce, na ce mikro, abin ɗaukar muryar, yana ƙara. Wani makon na ce kaset ɗin kirki ya yi wuyar samu. Tsoro nake ji in ɗauki abin da zai fito a gurguje ban sani ba, kowa ya ji laifin sai ni.

Wata safiya tana miƙo mini shayi ta ce, "Malam, in waƙar ƙauye ce ba ta kai a ɓata mata kaset ba, ka faɗa mini kawai, in daina jira."

Na yi mata tsawa, irin tsawar marar gaskiya, na fita ban sha shayin ba. A lokacin saura mako uku Inna ta hau jirgi.

Sai na yanke shawara irin ta wawa: in rabu da kayan gaba ɗaya, in dawo in ce sun lalace. Akwai wani tsohon Bature a Pleasant Garden da ke gyaran rediyo da lasifika a garejin gidansa, ya taɓa gyara mana lasifikar taro. Ranar Asabar da hantsi na loda kayan a mota na kai masa. Yana duba su yana magana daga haguna, ni kuma ina ta juya kai don in tare maganar da dama. Bai yi minti biyar ba ya ajiye sukudireba ya ce, "Tun yaushe wancan kunnen ya daina?"

Raina ya ɓaci ƙwarai. Wata bakwai ina ɓoye abu, tsohon da ko sunana bai iya faɗa daidai ba ya tone shi daga tsaye. Na ce ba abin da ya kawo ni ke nan ba. Bai ba ni haƙuri ba, bai kuma yi mini jaje ba, kuma har yau ina gode masa da wannan. Ya dai je ya jawo wani akwati, ya zaro faifan garmaho ya miƙo mini.

A jikin kwalin akwai samari a bakin ruwa, sun jeru sun ɗauko wani dogon katako, kowa ya washe baki. Na duba, na sake dubawa, na ce, "Wa ya rasu?" Wallahi makara na gani, kuma har na fara cewa a raina waɗanne irin marasa imani ne ke dariya da makara a hannu. Da na yi masa bayani, tsohon nan ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce katako ne da ake tsayawa a kai a hau igiyar teku, kuma a farkon shekarun alif ɗari tara da sittin samarin can yammacin ƙasar sun yi ta waƙa a kansa. Ni ɗan Damagaram, babban ruwan da na sani shi ne tafkin damina da ake buga tubali a gefensa, ina zan san wannan? Shi ma ya ce bai taɓa hawa ba, tekun ma sai ka yi tuƙin awoyi daga nan.

Ya ɗora faifan ya sauke allura. Lasifika ɗaya ce tak, a kan kanta tsakanin gwangwanayen ƙusa. Abin da ya fito daga cikinta ya sa na nemi wurin zama. Komai ya zo mini, babu abin da ya maƙale a hagu. Ga ganga, ga jita, ga muryoyi, duk sun shigo ta ƙofar da ta rage mini, kuma ba su yi turereniya ba. Rabon da in ji waƙa cikakkiya tun kafin zazzaɓin.

Na ce, "Mono ne." Na faɗa da ɗan raini, domin a gidan rediyonmu mono muke yi don babu, kullum muna mafarkin sitiriyo, inda ake raba sauti hagu da dama. Tsohon ya ce waɗannan da gangan suka yi. Yaran da ke sayen waƙar a rediyon mota suke jin ta, lasifika ɗaya a gaban direba, saboda haka mai haɗa sautin shi ke yanke inda kowane abu zai zauna, ba ya barin wa kujerar mai sauraro. Babu hagu, babu dama, sai kusa da nesa.

Muka yi wajen awa biyu yana canza faifai. Zancen waƙoƙin dai ba wani zance ba ne, daga ruwa sai mota sai budurwa, in ka fassara wa dattijo sai ya tambaye ka ko ba su da aikin yi. Amma aikin hannun, nan ne mutum zai cire hula. Jitar tana da wani jiƙaƙƙen amo, kamar ɗigon ruwa a randa, ya nuna mini siririyar waya mai lanƙwasa a cikin akwatin sauti wadda ke haifar da shi. Fiyano da jita sukan buga abu ɗaya a lokaci ɗaya, har su haifi wani sauti na uku da babu kayan kiɗan da ke da shi. Amsa-kuwwa ma ba ta inji ba ce, ɗaki ne fanko mai sulɓin bango, a sa lasifika a wannan kusurwa, mikro a waccan. Kuma layin ɗauka, inda kowane sauti ke zama daban a kan tef, uku ko huɗu gare su kacal, in wuri ya cika sai a haɗe a juye a kan ɗaya. In an haɗe kuwa an gama, fura ta shiga nono. Dole mutum ya san abin da yake so tun kafin ya danna.

Muryoyin ne suka fi kama ni. Mu amshi muka sani, zabiya ta jefa, 'yan amshi su cafe bayan ta sauke. Waɗannan ba sa jiran juna. Mutum huɗu ko biyar suna rera kalma ɗaya a tare, kowa a matakinsa, wani can ƙasa, wani siriri can sama har ka rantse mace ce. Sai su sake rerawa a kan ta farko don ta yi kauri. Na kasa kunne in kama inda wani ya riga wani numfashi, ban kama ba. Kuma waƙar ba ta kai minti uku ta ƙare, babu jan rai. A faya-fayen da suka biyo baya samarin sun fara girma, an shigo da ƙaho da sarewa da goge, dariyar ta ragu, har akwai wadda ta sa na ji kewar gida alhali ban gama gane Turancinta ba. Na so waɗannan faya-fayen a ranar, kuma har yanzu ina son su.

Da zan tafi ya juye mini uku a kaset, ya mayar mini da kayana cikin mota da hannunsa. Ya ce, "Na duba, babu abin da ya same su."

Mako guda ina jin kaset ɗin a hanyar aiki, ina tuna yadda nake yi a ƙauyuka da mikro ɗaya a gindin bishiya. Da ƙafa nake ja wa mutane layi a ƙasa: mai waƙa taki ɗaya, 'yan amshi taki uku, mai kalangu can baya, in ya matso in harare shi. Abin da nake jin kunyarsa ke nan a da, ina ganin aikin talauci ne. Ashe masu teku da dukiya ma kusan haka suka yi, ga shi bayan shekara arba'in ana nan ana ji. Wannan aikin kuwa kunne ɗaya ya ishe shi.

Sai dai akwai matsalar da tsohon bai san da ita ba. Inna ba za ta taɓa rera waƙa ina cikin ɗaki ba. Suruka ce. Ko abinci ba ta ci a gabana, in na shigo gaishe ta sai ta ja mayafi ta amsa tana kallon bango, in tana da saƙo kuma ta bakin 'yarta yake zuwa. Ke nan ni zan zauna a uwar ɗaka da waya ta ƙarƙashin ƙofa, matata ta zama hannuna a falo. Kuma ba za ta gane abin da ya sa na ajiye mikro biyu na ɗauki ɗaya ba sai na faɗa mata gaskiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na same ta a kicin tana wanke kwalaben jariri na faɗa mata.

Ta rufe famfo. Ta ce, "Wata nawa?"

Na ce, "Bakwai."

"Wata bakwai ina yi maka magana kana wucewa, ina cewa raini ne. Ka gwammace in ɗauke ka mai wulaƙanci da in san kana da ciwo."

Gaskiya ta faɗa. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Ta share ido da bayan hannu, ta ɗauki wata kwalbar, can ta ce, "To ina za a sa turmin?"

Ranar Lahadi bayan azahar muka yi. Maƙwabtanmu biyu, wata Hajiya 'yar Maraɗi da ƙanwarta, suka zo amshi. Na ɗaure mikro a jikin kujera, na auna taki na sa alama da tef a kan kafet, na shige ciki na rufe ƙofa. Gwajin farko turmi ya cinye kowa, na ƙwanƙwasa ƙofa, matata ta zo, na ce a kai shi lungun banɗaki a shimfiɗa masa tawul. Na ce kuma a bar ƙofar banɗakin a buɗe, tayil ɗin ya ba mu ɗan amsa-kuwwa. Da abin ya fara daɗi sai zaƙewa ta kama ni, na aika a ce wa su Hajiya su gwada shigowa ƙarƙashin muryar Inna maimakon su jira ta sauke. Matata ta dawo tana danne dariya, ta ce Inna ta ce a gaya wa mai injin, amshi ba ya shiga bakin zabiya. Na ce ta yi gaskiya, a bar shi yadda yake.

Waƙa tara muka ɗauka kafin la'asar. Ina zaune a bakin gado, abin ji a kunnen dama, ina jin muryar tsohuwar a gaba, amshi a bayanta, lugude can nesa yana riƙe su, kowa a mazauninsa. Ta ƙarshe ta reno ce, ita kaɗai, ba turmi ba amshi. Ta sauke. Na kai hannu zan tsayar da kaset, sai na ji motsin zane yana matsowa, da numfashi a kan mikro.

Ta ce, "Uban angona." Haka take kiran jaririn, angonta, irin wasan kaka da jika. "Na san kana ji. An ce ɗaya ne ya rage maka, Allah ya tsare maka shi. Wanda ya tafi, Allah ya sa kaffara ne. Ka riƙe wa yaron nan waɗannan da kyau, ni ba na jin zan sake hawa jirgi."

Shekara shida ina auren 'yarta, ranar ce ta fara yi mini magana kai tsaye. Na ce amin ni kaɗai a cikin rufaffen ɗaki, ba ta ji ba. Ta matso kusa da yawa, allurar rikoda ta shige ja, muryar ta ɗan fashe a wurin. A ƙa'idar aikinmu wannan wurin yankewa ne. Na bar shi a kan kaset ɗin.