Cinyar Ragon Na'Allah

Na'Allah Bakyange ne, wato ɗan ƙabilar Kyangawa, daga garin Bengu, gishiri yake sayarwa a kasuwar Gaya tun zamanin da kumandan Bature ke mulkin garin. Ubansa ya mutu yana yi wa tsafi yanka, wannan kowa ya sani. Shi kuwa tun yana saurayi ya kama salla, kuma bai taɓa saki ba. Amma mutanen Gaya, Allah ya shirye su, in an ce Bakyange sai su taɓe baki, wai salla a goshi, tsafi a ɗaka.

Bai damu ba, don yana da Sumana, mai sayar da atamfa a rumfar kusa da tasa. Sahunsu ɗaya a masallaci, goro ɗaya suke tsagawa. In Na'Allah ya ji ana gulmar Kyangawa, sai ya ce a ransa, to, ai Sumana ya san ni.

Kowace Babbar Salla da hannunsa yake yanka ragonsa, a banƙare shi a jikin itace ya yini a bakin wuta, washegari ranar rabo matarsa Zuwera ta kai cinya sukutum gidan Sumana.

Wata shekara zazzaɓi ya kwantar da Zuwera, sai ya ɗauki cinyar da kansa. Ya tarar da Sumana a zaure, ya zauna, ya yanko tsoka ya miƙa masa.

"Bisimilla, ɗan'uwa. Yau dai in ga bakinka da maiƙo."

Sumana ya ce haƙori ke damunsa. Haƙori! Mutumin da ke taunar goro a lokacin.

Na'Allah ya tsaya da naman a hannu. "Sumana, don Allah mene ne?"

"Kada ka ji haushi, Malam Na'Allah. Kai daban ne, ba kamar sauranku ba. Sai dai yanka ba abin wasa ba ne. Mutanenku, wa ya san sunan da suke kira a zuci in wuƙa ta hau wuya?"

"Ni ne mutanenmu?"

Sumana ya ci gaba da taunar goronsa. Na'Allah ya sake tambaya.

"To, duk shekarun nan wa ke cin naman?"

"Kukun kumandan nake ba, ɗan Dahome. Su ba ruwansu."

Wallahi da Sumana ya mare shi da ya fi masa sauƙi. Ya ci amanarsa, ya sa shi murna shekara da shekaru a kan banza. Na'Allah ya naɗe cinyar, ya miƙe.

Sumana ya rako shi har ƙofa, ya dafa kafaɗarsa yana murmushi, don shi a ganinsa alheri zai yi masa.

"Baɗi ka kawo ragon limaminmu ya yanka maka. Sai mu ci tare."