Mabiyiyar da Aka Binne a Gindin Gwaiba

Ko zan manta da komai a duniya, ranar da na haifi autata ba za ta bar zuciyata ba. Mutane suna cewa ranar farin ciki ce. Ni dai har yau in na tuna, ɗaci nake ji a bakina.

Babbar 'yata da sikila aka haife ta. Tana da shekara bakwai ta fi sanin gadon asibiti a kan ajin makaranta. In sanyin Jos ya sauko, haka za ta dunƙule tana kiran "Umma, ƙafata," ni kuwa ba abin da zan iya sai tofi da ruwan ɗumi.

Da na sami ciki, likitarta, wata Bayarabiya mai kirki, ta zaunar da ni da maigidana. Da Hausarta ta 'yan koyo ta yi mana bayani: akwai wasu ƙwayoyi a jiki da suke haifar da sabon jini. Wasu suna cikin ɓargo, wasu a jinin cibiyar jariri. "Madam, in baby ya zo ba sikila, kuma jininsu ya yi daidai, za a iya dasa wa yarinya. Ba alkawari ba ne fa. Amma dole ki haihu a nan, mu ɗiba nan take." Aka shirya inda za a ajiye jinin a Legas. Wallahi ranar har rawa na taka a tsakar gida.

Surukata, da muke zaune tare a Gangare, ita ce ba ta yi rawa ba. "Mabiyiyar jikata za a ba wasu su sa a firji? Kun san abin da ake yi da ita? Mu binnewa muka gada." Maigidana ya lallashe ta, ta ce to. Ashe "to" ɗin na baki ne.

Naƙuda ta zo da hantsi, shi yana wurin aiki a Naraguta. Na ce, "Hajiya, a samo Keke Napep." Ta ce, "Ke 'yar nan, kwantar da hankalinki, na aika." Ta ɗauke wayata wai za ta kira ɗanta. Ashe ungozoma ta aika a kira! Ina durƙushe ina roƙonta, tana shafa mini baya tana sannu. Kafin azahar na haihu. Kafin mijina ya iso ta wanke mabiyiyar tas, ta haƙa rami a gindin gwaibar bayan ɗaki, ta binne, ta fito tana murmushi. "Na tsare muku ita," in ji ta.

Da aka gwada jaririyar, ba sikila, kuma jininta ya dace da na yayarta. Likita ta cire tabarau ta ajiye. Ta ce saura ɓargo, amma sai ƙaramar ta yi ƙwari. Muka zauna jira. Yayarta ba ta jira ba, kafin ƙanwar ta fara tafiya muka kai ta makwancinta.

Na san rai na Allah ne, kada kowa ya tuna mini. Na kuma san da an ɗibi jinin ma, wataƙila ba a dace ba. Amma wataƙilar nan ita kaɗai muke da ita, kuma da hannu aka tura mata ƙasa. Hajiya ta fi kowa kuka ranar rasuwar, kuma har ta koma ga Allah ba ta yarda ta yi kuskure ba.

Abin da na koya, mai ƙaunarka in bai fahimta ba, zai cuce ka yana sa maka albarka. Yanzu duk mai cikin da na gani da ɗa mai sikila, cewa nake ta ja tsohuwar gidan zuwa gaban likita, kada ta yarda da "to". Gwaibar tana nan tana 'ya'ya, autata tana tsinka tana kawo mini. Ban taɓa iya ci ba.