Sarƙar Amana a Cikin Adakata

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Karatuna bai wuce ajin ƙarshe na lakwal, wato firamare, ba, kuma ina tsoron a ce tsufa ya fara taɓa mini kai. Amma abin ya ƙi barina.

A hannuna akwai sarƙar zinariya mai jan dutse a tsakiya, kuma ba tawa ba ce. Wata ƙawar Innata ce daga wajen Sassumbrum ta kawo ta gidanmu a Bande, lokacin da za ta bi ayarin mata zuwa Aljeriya. Ta ce damina biyu za ta yi ta dawo. Ba ta dawo ba, ba a kuma ji mutuwarta ba. Da Inna ta kwanta ciwon ajali sai ta damƙa mini ita, ta ce, "Ƴar nan, kada ki saka, kada ki ba da aro. Ki tsare ni daga tambayar kabari."

Yadda Inna take yi haka nake yi. Duk bayan girbi sai in fiddo ta, in zuba ruwan ɗumi da ɗan sabulu a kwano, in goge ta da tsohon buroshin haƙori mai laushi. Dutsen ba na jiƙa shi, da auduga nake shafawa. In ta bushe a inuwa sai in naɗe ta a farin ƙyalle ita kaɗai, don kada wani ƙarfe ya karce ta, in ɗaure da zare, in sa a ƙasan adaka. Mabuɗin yana ɗaure a bakin zanena.

Shekara ta uku da rasuwar Inna na lura ruwan yana yin baƙi. Ba ƙura ba ce, maiƙo ne, irin wanda gumi da man shafawa suke bari, kuma a gefen da ke kwanciya a wuya kaɗai. Ƙyallen yana ƙanshin humra, ni kuwa ba na shafa ta, tana sa ni atishawa. Na zargi matar ɗana a zuciyata har sai da na nemi gafararta, ita ba ta ma san laifin da ta yi ba. Na canza ƙullin zaren zuwa wanda ni kaɗai na iya. Da shekara ta zagayo ƙullin yana nan, maiƙon ma yana nan.

Ranar kasuwa na hau kabu-kabu na kai ta wurin wani maƙerin zinariya a Magarya. Ya juya ta a tafin hannu, ya yi dariya.

"Hajiya, ke da ita kike yin daka? Ki riƙa barinta tana hutawa mana. Dubi ƙugiyar, ta kusa cinyewa."

"Malam, shekara tara ke nan, tun tana hannun Innata, ba ta hau wuyan kowa ba."

"To wannan gashin fa?"

Da tsinke ya zaro shi daga cikin ƙugiyar. Furfura ce, doguwa. Ya dubi kaina, ni ko sili ɗaya ban fara ba. Bai ƙara wasa ba, ya miƙo mini da sauri ya ce in gaida gida.

Mai sarƙar doguwa ce mai wushirya, Inna ta ce tana da ƴa da aka aurar wajen Dungas. Duk wanda ya san ƴar ko jikokinta, don Allah ya sa su neme ni a Bande. Akwai wata alama a bayan dutsen da ban faɗa ba, nata za su san ta. Wanda kuma ya san ko tana raye, ya gaya mini gaskiya, ko wace iri ce.