Ranar da Faruƙ ya daina fassara

Faruƙ ɗan Fagge ne, kuma tun a Kano bakinsa ke ci da shi. A gidan kallo yake tsayawa gefen talabijin yana fassara fim ɗin Indiya. Indiyancin nasa bai taka kara ya karya ba, amma in jarumi ya buɗe baki Faruƙ zai zuba masa zance har mutane su manta da mai maganar.

Ya riga mu zuwa New York, don haka shi ya zama kunnenmu. Shi ya raka ni asibiti, shi ya yi wa Gafaru, mutumin Kumasi, ciniki da mai gidan haya, shi ya koya wa Mukhtari abin da ake ce wa ɗan sanda. A filin jirgin sama na JFK yake lodin kaya, ƙarƙashin jirage masu ruri, aikin da ba mai kallon fuskarka. Ranar hutunsa kuwa sarki ne. Sai ya tattara mu zuwa sinima, ya zauna a tsakiya, mu karkato masa kunne.

Shekaru suka ja. Mu da muke tuƙa tasi, fasinjoji suka cusa mana Turanci ko muna so ko ba ma so. Shi kuma jirage suka cinye masa kunnen hagu, suka fara taɓa na dama. Ba wanda ya gaya masa mun daina bukatar fassara. Mun bar shi yana yi, don wannan kaɗai ƙasar nan ta rage masa, kuma har yau ina ganin daidai muka yi.

Wata Talata da rana ya ga hoton wani fim, mace da namiji suna rawa cikin ruwan sama. Ya ce irin namu ne, na waƙa, ƙarshensa biki. Mu a saninmu, inda aka yi waƙa soyayya ce. Ashe Turawa har kisa suna rerawa.

Fim ya fara da duhu, ba lambu, ba furanni. Maganar ma duk a waƙe take, ga kiɗa ya danne ta. Na ga Faruƙ yana miƙa wuya. Can jarumin ya riƙe hannun matar yana rera mata cewa shi ya cinna wa gidansu wuta, da mahaifinta a ciki. Gafaru ya yi salati a hankali. Faruƙ bai ji salatin ba. Ya sunkuyo da murmushinsa ya ce mana aurenta yake nema, wai ya gina mata gida, saura a kai lefe.

Wata Baturiya a gabanmu ta juyo ta harare mu. Mukhtari kuwa, wanda cikinsa ba ya riƙe ko ruwa, ya ce, "Haba Faruƙ, bar mu mu ji mana. Ubanta fa ya kashe. Ai muna ji."

Da na samu dama a lokacin da na kwaɗa wa Mukhtari mari. Mutumin da ya sauka ƙasar nan bai iya tambayar banɗaki ba, yau shi ne mai "muna ji".

Faruƙ ya juyo. Ya dubi Gafaru, ya dube ni, muka kafa wa allo ido kamar ɓarayi. Ya jingina da kujera, gugguru na hannunsa bai ƙara taɓawa ba. Aka yi ta waƙa ana mutuwa, babu biki ko ɗaya. A ƙarshe matar ta durƙusa kan gawar mutumin ta rera wani abu gajere, fitilu suka kama.

Sauran suka yi gaba suna musun fim. Muna tafe ni da shi a Fordham Road, cikin hayaniyar masu talla, sai ya zagayo ta haguna don ya ba ni kunnensa mai ji.

"Sulaimanu," ya ce, "me ta ce masa a ƙarshen nan?"

Na gaya masa. Bai ji ba, sai da na maimaita da ƙarfi.