Yadda Akwatin Magani Ya Kuɓuce wa Ya'u

A'a, ku daina cewa Sabo mai akwatin magani rubutu ya sha. Duk wanda ka tambaya a ƙauyen nan na gefen Waca, cewa zai yi wani malami ne ya buɗe masa kai. Ƙarya ne. Ya'u, taubashinsa, shi ya fara baza zancen, kuma ƙyashi ne ya sa shi.

Ya'u ne ɗan lakwal, wato ɗan boko, na farko a garin. Shekara biyar ya yi a aji, ya dawo gona da alƙalamin bik a aljihu, ana ce masa Mushe, wato malamin lakwal. A 1975 aka ce gari ya tura mutum biyu Magariya su yi kwana goma suna koyon aikin magani, wanda ya fi iyawa shi zai riƙe akwatin maganin gari. Aka zaɓi Ya'u da Sabo. Tun ba a tashi ba Ya'u ya share kusurwar da zai ajiye akwatin. Sabo, da ko sunansa bai iya rubutawa ba, a ganinsa ɗan rakiya ne.

Majo, babban ma'aikacin gidan likita, yana magana, Ya'u yana zubawa a kaye, littafinsa na rubutu, layi tsaf. Da la'asar ya jingina da bango ya karanta, ya sake karantawa, ya ji komai ya zauna daram. Sabo ba shi da abin dubawa. Sai ya je wajen jakin da ya kawo su, ya kama masa kunne: "To, an kawo yaro jiki zafi, me za ka fara yi?" Ya lalubo amsar a kansa, ya faɗa. Inda ya kakare, ya bi majo har bakin ƙofa. Taɓarya ma ya ara, yana naɗa mata ƙyallen ɗaurin ciwo yana kwancewa.

"Ɗalibin naka yana ganewa kuwa?" in ji Ya'u, yana nuna jakin.

"Ya fi ka, Mushe. Shi ba ya leƙen takarda."

Ran ƙarshe majo ya ce kowa ya kife kaye. Aka shigo da wata mata da fartanya ta sare ta a ƙafa. "Ya'u, bismilla." Ya'u yana ganin shafin a idonsa, gefen dama, har inda bik ya yi ɗigo, amma abin da ke rubuce ya ƙi fitowa. Ya kai hannu zai ɗauki jan magani. Sabo ya ce ƙasa-ƙasa, "Hannunka tukuna, taubashi. Sabulu." Taimakon nan ya fi faɗuwar ci masa rai.

Akwati ya sauka gidan Sabo. Ya'u ya rantse sai ya kunyata shi an karɓe. Kowace Juma'a, an fito masallaci, sai ya tare shi gaban jama'a da kaye a hannu. "Likita, ido ya yi ja yana kwantsa, yaya?" In Sabo ya yi kuskure, ranar Ya'u har tuwo yake ƙarawa. Amma Juma'a mai zuwa Sabo ya toshe wannan ramin, sai an haƙa wani.

Shekara uku ana haka, majo ya zo zagaye. A garuruwa da dama ya tarar an manta rabin abin da ya koyar. Sabo kuwa ko ɗaya bai zubar ba. Majo ya ce me ke nan sirrin? Sabo ya nuna Ya'u da baki: "Ga malamina nan. Duk Juma'a, ko ruwa ana yi."

Jama'a suka fashe da dariya, majo ya miƙa wa Ya'u hannu yana godiya. A nan Ya'u ya gane da hannunsa ya kafe akwatin a gidan Sabo. Juma'a biyu bai fito ba. Ta uku ya kasa daurewa, ya dawo da sabuwar tambaya. Har ya bar duniya bai taɓa riƙe akwatin nan ba.

Yanzu ku da kuke ta maimaita shafi ɗaya kuna cewa ya zauna, yaushe rabonku da rufe littafi a tambaye ku? Wa ke tare ku da tambaya? Kada ku karanta ku wuce shiru, ku amsa min a ƙasa.