Gaisuwa a Tsakiyar Waƙa

Mu uku muka fara, a wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa a jami'ar Bron, gefen birnin Lyon, inda ake jibge karyayyun kujeru. Ni ce mai jita, ni ce kuma mai waƙa, don babu wanda ya yarda ya buɗe baki sai ni. Mai ganga wani dogon Bafaranshe ne daga ƙauyen kan dutse. In yana magana sai ka kasa kunne, amma in ya kama sanduna sai masu gadi sun sauko. Na ukunmu Bakano ne da ya zo karatun injiniya, shi ke riƙe da bas, babbar jitar nan mai gurnani. Ranar da ya ji iyayena 'yan Damagaram ne ya ce shi ke nan, ya tsinci baiwa kyauta a Turai. Na ce ya je ya tambayi kakanninsa wa ya sa su rufe ƙofar gari da rana tsaka. Har yau haka muke gaisawa.

Kiɗan rok muke yi, irin na masu zaman kansu. Babu kamfani a bayanmu, babu manaja. Mu ke tsara waƙa, mu ke manna sanarwa a bango, mu ke jan kaya cikin tiram, jirgin nan na cikin gari, mutane na hararar mu. Rabin waƙoƙin da Faransanci, rabi da Hausa, Bakanon kuwa kullum cikin gyara mini yake, wai Hausata ta sha madarar kanti. Muna da waƙar tiram da ya tafi ya bar mu, da waƙar kewar gida, da wadda na fi so, waƙar Innata, wadda ko me za ka faɗa mata a waya sai ta katse ka ta ce, "Kin dai ci abinci?" Daga baya mun yi faifai ɗaya a ɗakin kwanan mai ganga, mun toshe taga da katifa, mun zaga ƙananan wurare a Lyon da Paris, sannan aiki da aure suka raba mu. Wallahi ban taɓa jin daɗin rayuwa kamar waɗannan shekaru ba. Amma saura kaɗan abin ya mutu tun a shekararsa ta farko.

Abbana ɗan kasuwa ne, yana da mangaza, babban shagon ajiye kaya, a Aubervilliers kusa da Paris, yana tura atamfa da takalma gida. Da ƙyar ya bar ni na tafi Lyon karatun shari'a, ni kaɗai, mace. Ba ya ƙin kiɗa, in makaɗa suka zo biki shi ne farkon mai yi musu kyauta. Sai dai a wurinsa kiɗa gado ne, akwai gidajen da suka gada, mu kuwa ba mu gada ba. Shi ya sa na yi shiru da bakina. To ina, wata ta ɗauke mu a waya, hoton ya bi hannun Hajiyoyi, daga Bron har Saint-Denis ta gefen Paris inda iyayena suke zaune, ya faɗa hannun Inna.

Da ya kira ni bai tambayi karatu ba, bai tambayi sanyi ba.

"An ce kin zama zabiya."

"Abba, ba haka ba ne..."

"An ce ranar Asabar kuna da wasa a jami'ar Saint-Denis. Zan zo in gani da idona. In abin da aka faɗa mini ne, ki tattara kayanki, ke da Lyon kun gama."

Abba ba ya faɗin magana sau biyu. Na san in ya ce na gama, na gama, da karatun da kiɗan duka.

Asabar ta zo da rana mai kyau. An kafa ɗan dandamali a tsakar jami'a, bai kai gwiwa ba, ɗalibai sun cika wurin. Na sa doguwar riga, na ɗaura ɗankwali har sai da kaina ya yi ciwo. Muka fara ina ta raba ido, babu shi. Har na saki jiki na ce ƙila kasuwa ta riƙe shi. Muna tsakiyar waƙar da ta fi kowace ƙara, ina ihu iya ƙarfina, sai na hango manyan riguna uku suna ratsa taro. Abba ne a gaba, abokansa biyu a baya.

Ni na ɗauka zai tsaya can baya ya yi kallo, kamar kowa. Na manta wane ne ubana. Mutumin da ko lif ya shiga sai ya yi sallama, shi ne zai iso inda ɗiyarsa take ya tsaya kamar baƙo? Ya tako har bakin dandamali, ya ɗaga hannu, ya yi sallama.

Ban yi shawara da kaina ba. Tun ina ƙarama ban taɓa amsa gaisuwar Abba a tsaye ba, ƙafafuna suka yi abin da suka saba. Sai ga ni durƙushe, jita a wuya tana kuka, mikiro a hannu na manta da shi. Duk tsakar jami'ar ta ji ni: "Amin wa alaikumus salam, Abba. Ina wuni?"

Bakanon, ɗan halak, yana ganin manya shi ma ya tsuguna da bas ɗinsa, amma bai daina bugawa ba. Mai ganga bai san me ake ciki ba, ya dai sassauta hannu ya ci gaba.

Abba kuwa ba ya gajarta gaisuwa don kowa.

"Kun zo lahiya?"

"Lahiya lau."

"Ya karatu?"

"Lahiya lau."

"Ya mutanen Lyon? Ya gajiyar hanya?"

"Lahiya lau, Abba."

Ya gama, abokinsa na farko ya ɗauka daga farko. Kafin na biyu ya karɓa, ɗalibai sun kama amshin. Su a zatonsu cikin waƙar ne. Abokin na biyu ya ce ya gida, sai taro gaba ɗaya, Larabawa da Turawa da baƙaƙe, su ɗauka: "Lahiya lau!" Mai ganga ya sa musu kiɗa a kai. Tsohon ya ji daɗi, ya juya ya fuskance su ya tambaye su ya iyali. Suka ce lahiya lau! Ni ina ƙasa, kunya kamar ta kashe ni, dariya kuma na cina, ga tsoro.

Abba bai yi dariya ba. Ya dube ni ya ce, "Tashi ki ƙarasa, mutane na jiran ki."

Na tashi na gyara jita. Ya koma gefe ya tsaya, hannuwa a baya, fuskar nan babu abin da za ka karanta a ciki. Na yi waƙar Inna. Da na kai wurin "Kin dai ci abinci?" abokansa suka fashe da dariya, ɗaya har yana dafa kafaɗarsa. Shi dai ya sunkuyar da kai yana gyara hula.

Da aka tashi muna naɗe wayoyi, ya matso. Ina jira ya yanke hukunci, sai ya nuna amfili, baƙin akwatin nan mai nauyin tsiya da ke ƙara wa jita murya.

"Wannan da me za ku kai shi gar?"

Tashar jirgin ƙasa yake nufi. Na ce da metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa.

"Metiro! Ina da kamiyo a bakin titi, ki ɗauki wannan a metiro? Ke wace irin yarinya ce?"

Bakanon ya yi wuf zai ɗauka, Abba ya ture hannunsa. Ya naɗe hannun babbar rigarsa, ya ciccibi akwatin ya ɗora a kafaɗa, ya yi gaba. Muka bi shi a baya kamar 'yan rakiya. Har yanzu bai yanke hukuncin ba, ni kuma ban isa in tambaya ba.

A bakin ƙofar jami'a muka ci karo da wani dattijo, maƙwabcinsa a kasuwa, irin waɗanda labari ba ya kwana a bakinsu. Ya tsaya ya buɗe baki.

"Alhaji! Yau kuma dako ake? Kayan makaɗan wane gida ne?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Abba bai sauke akwatin ba, bai ma rage tafiya ba.

"Kayan ɗiyata ne," in ji shi. "Ka yi haƙuri, sai mun haɗu. Jirgi za su kama, Litinin tana da darasi a Lyon."

Na tsaya cik a kan titi, hawaye suka zubo mini. Bakanon ya zungure ni da gwiwar hannu ya ce in yi sauri, Alhaji ya kusa kaiwa mota.