Na Gane Rigar, Amma Na Yi Shiru

Lokacin da wannan abu ya faru shekaruna ashirin da biyu, ina goyon 'yata ta fari, watanta bakwai. A wani ƙauye na ƙasar Baure aka haife ni, aure ne ya kawo ni cikin Daura. A aji huɗu na firamare na tsaya, sai ɗan abin da na samu a Islamiyya. Ni mace ce mai yawan fargaba, yarinya ta yi tari sau biyu sai hankalina ya tashi. Amma Allah ya ba ni ido. Abin da na gani sau ɗaya ba na mantawa, ko zanen da maƙwabciya ta ɗaura a sunan bara ne zan faɗi kalarsa. Wannan idon ne ya so ya cece ni, bakina ya ƙi.

A shekarar ne mahaifina ya rasu. Da aka raba gado na samu shanu huɗu, cikinsu har da wata jar saniya mai ciki, da 'yar gona a bakin fadama. Niyyata in sayar da saniya ɗaya in sayi injin markaɗe, sauran su yi ta haihuwa har yarinya ta isa makaranta, don kada ta tsaya inda na tsaya. Maigidana direban haya ne, tsakanin Daura da Mai'adua. Ba mugu ba ne, ban taɓa kwana da yunwa a gidansa ba, sai dai idan ya ga mota mai kyau hankalinsa ba ya jikinsa.

Wata ranar Laraba wani dillali ya kawo wata jar mota ƙofar gidanmu, mai ƙofa biyu, cikinta kamar zai taɓa ƙasa, idan aka taka ta sai tagar ɗakina ta yi rawa. Ya ce irin ta tsere ce, wata tsohuwa ce ta hau ta a ƙasar waje, ba ta zuwa ko'ina da ita sai kanti, kuma ta Nijar aka shigo da ita ko wata biyu ba a yi ba. Maigidana ya shigo yana haki. Ya ce idan ya sayar da tasa, na kawo shanuna da gonar, zai riƙa ba angwaye hayarta ranar ɗaurin aure, bayan Sallah ya kai ta Katsina wajen 'ya'yan masu kuɗi, ya dawo mini da shanu takwas. Na tambaye shi ina za a sa fasinja, ina kuma zan zauna da goyo. Ya yi dariya ya ce ita wannan ba ta ɗaukar buhun gero, mutunci take ɗauka. Ba zan ɗora masa laifin duka ba. Ni ma na hango kaina ana sauke ni a cikinta a ƙauyenmu, matan yayyena suna leƙe. Na amince.

Ranar farko ta ciniki na kai zoɓo bakin zaure. Ƙyauren da ke tsakanin zaure da tsakar gida yana da tsaga, na tsaya na leƙa. Dillalin yana sanye da babbar riga ta shadda ruwan toka. A ƙarƙashin aljihun gaba akwai inda dutsen guga ya ƙona ta, an cike wurin da zaren da ya ɗan fi rigar duhu. Har na ce a raina, wadda ta yi wannan ɗinkin ba ta da haƙuri. Ya sa wa motar miliyan goma sha biyu. Maigidana ya taya bakwai, dillalin ya ce albarka. Ya ƙara rabi, ya ce albarka, har da tambayarsa ko akuya ya ɗauka ana sayarwa. Gaskiya maigidana ya iya ciniki. Ya nuna masa tayoyin baya sun ci, ya ce batirin ba nata ba ne, ya tashi sau biyu kamar ya fasa. Washegari dillalin ya sauko zuwa tara, maigidana ya tsaya a takwas da rabi, ya ce mini gobe dillalin zai sallama.

A rana ta uku, bayan la'asar, suna zaune sai ga wani baƙo. Dillalin ya miƙe yana ta ranka ya daɗe, ya ce wani Alhaji ne daga Kano, ya ji labarin motar yana so ya saya wa ɗansa. Baƙon bai ko zagaya motar ba ya taya goma. Na leƙa ta tsagar. Rigar toka ce a jikinsa. Ga ƙunar a ƙarƙashin aljihu, ga zaren mai duhu. Ta yi masa yawa, yana ta tattare hannuwanta. Na dubi ƙafarsa, duk faso, da takalmin roba irin na masu zuwa gona. Dillalin kuwa ranar kaftani ya sa. Nan take na gane aron riga aka yi masa, an kawo shi ne kawai don ya tayar da farashi.

Na ɗaga hannu zan buga ƙyauren in ce ana sallama da maigida a ciki, sai na fasa. Me zan ce masa? In ce na tsaya ina ƙare wa wasu maza kallo har na san ɗinkin aljihunsu? A yadda aka tarbiyyantar da mu, mace ta ajiye ruwa ta juya, ba ta san ma wa ke zaure ba. Ga shi dama ya sha gaya mini cinikin mota ba cinikin daddawa ba ne. Ina tsaye ina wannan saƙe-saƙen, yarinya ta farka da kuka a bayana, na koma ɗaki ina jijjiga ta. Daga can na ji maigidana ya ce goma da rabi, ya saya. Dillalin ya ce ya sallama. Suka tafa a gaban dattawan unguwa biyu, aka shafa fatiha. Kowa ya san idan an kai nan ba a komawa baya.

Cikin mako guda aka kora shanuna kasuwa, aka sayar da gonar, aka sayar da motar hayarsa, har la'ada aka biya dillalin. Ango ɗaya motar ta taɓa ɗauka, shi ma a hanyar Mashi ta daki wani tudu, mai ya tsiyaye, aka ƙarasa da shi a kan babur. Makanikin da ya buɗe ta ya ce an juya lambar tafiyarta baya, giyarta ta gama aiki, kuma wannan tsohuwar da ake faɗa lallai 'yar tsere ce. Kayan gyaranta babu a Daura, babu a Katsina, na Kano kuma kuɗinsu ya fi ƙarfinmu. Dillalin ya ce shi mota ya sayar, ba alƙawarin lafiyarta ba, kuma da shaidu. Wata tara tana ƙofar gida a lulluɓe da tamfol, kaji suna kwana a ƙarƙashinta, kafin masu sayen ƙarafa su ɗauke ta a kuɗin da bai kai saniya biyu ba.

Ranar da aka ja ta ne na kasa riƙewa, na gaya masa zancen rigar. Sai ya tambaye ni don me ban yi magana ba alhali dukiyata ce. Kafin in amsa, ya sake tambayata yadda aka yi na san aljihun rigar wani ƙato haka. Tambayoyin nan biyu a numfashi ɗaya ya yi su, kuma har yau ban san wadda ta fi yi mini ciwo ba. Yanzu motar wani yake ja, ni kuma ina kai markaɗena gidan maƙwabta in bi layi. 'Yata ta shiga aji ɗaya, kuma duk ranar da aka ce a kawo kuɗin littafi sai na tuna da jar saniyar nan mai ciki.

Abin da na koya shi ne, kunyar da aka koya mana don ta kare mu ce, ba don a yi mana sata muna kallo ba. Maza, idan kuna ciniki wani ya faɗo daga sama ya taya sama da ku, ku bar masa, ku ga ko zai biya. Ku kai mota wajen makanikinku kafin ku ce kun saya. 'Yan'uwana mata kuma, idan da guminku ko gadonku a cikin ciniki, kuka ga abin da bai kwanta muku ba, ku buga ƙyauren. Faɗan da za a yi muku na yini ɗaya ne. Ni na guje wa wannan faɗan, na biya da shanu huɗu da gonar ubana, kuma daga ƙarshe faɗan bai fasa zuwa ba.